Makullan sana'ata duk suna hannun ƙanena

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a nan Maradi, ƴaƴana huɗu. Shekara biyar ke nan ina saida atamfa, leshi da turaren wuta a cikin gida. Daga Kano ake kawo mini kaya, ciniki kuwa kusan duka a WhatsApp da Facebook nake yin sa. Ƙanena da ke jami'a shi ya buɗe mini Gmail da Facebook tun farko, ya sa mini kalmar sirri guda a ko'ina: sunan ƴata ta fari da shekarar haihuwarta. Watan jiya aka shige mini Facebook, aka riƙa aika wa masu sayen kayana saƙo da sunana, wai sabon leshi ya iso, a turo kafin alƙalami. Mata biyu sun tura, ɗaya jika 25, ɗaya jika 40. Da ƙyar na karɓo shafin.

Yanzu an raba mini hankali uku. Ƙanena ya ce in sauko da wata manhaja, Bitwarden, mai ajiye kalmomin sirri. Mai gyara mini waya ya ce kada in wahalar da kaina, akwai ta Google a cikin wayar. Maigidana kuma ya ce bai yarda a tara makullai duka a cikin waya ba, in rubuta a littafi in ba shi ya ajiye, don in na kwanta ciwo ko ta Allah ta kasance a san inda kuɗin mutane suke. Abin da na kasa gaya wa kowa shi ne, zuciyata tana raya mini ko ƙanena ne, ko mai gyaran nan. Ina son in canja komai ba da sanin ƙanena ba, amma ina jin nauyinsa, shi ya ɗora ni a kan wannan hanya. Waya ɗaya gare ni, Android, yara ma suna wasa da ita. Ba ni da kwamfuta, ba ni da katin banki. Wacce zan zaɓa?

Wata ƴar'uwa, Maradi

Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Sannu da wannan tashin hankali, Allah ya mayar da alheri. Na san ba jika 65 ɗin nan ce ta fi ci miki rai ba. Mai sana'ar cikin gida ba ta da allo a bakin titi, sunanta shi ne shagonta, kuma da sunan nan aka yi damfarar.

Bari in fara da abin da kika ce kin kasa gaya wa kowa, don shi ya fi nauyi. Tun da an ce da ɗan gari akan ci gari, ba abin mamaki ba ne zuciya ta fara leƙen cikin gida. Amma ki dubi kalmar da kike amfani da ita. Sunan ƴarki ta fari, duk matar da ta zo suna ta san shi, ba mamaki ma da shi ake yi miki alkunya. Shekarar haihuwarta ba ta wuce a gwada uku ko huɗu a dace ba. Wannan ƙofa ɗaya ke nan. Ta biyu, cikin shekara biyar kin sa kalmar nan a wurare da yawa, wasu ma kin manta da su. In aka fasa ɗaya daga cikinsu, ɓarayi kan kwashi jerin adireshin imel da kalmomin sirri su sayar wa junansu, sannan su sa na'ura ta riƙa gwada su a Facebook da Gmail, ba tare da sun san ko ke wace ce ba. Ta uku, saƙonnin nan da ke cewa za a rufe shafinki in ba ki shiga nan ba, ko kin ci kyautar kiredi: mutum ya latsa, a nuna masa shafi mai kama da na gaske, ya rubuta kalmarsa da hannunsa ya miƙa. Ƙofofi uku a buɗe, babu wadda take buƙatar ƙaninki ko mai gyara. Ki ƙara da wannan: a cikin mutum ukun da suka ba ki shawara, ƙaninki ne ya kawo wadda za ta fitar da makulli daga hannunsa gaba ɗaya. Mai son ci gaba da shiga ɗaki ba ya cewa a sauya kwado.

In kina son ki bi sawu, akwai abin da ya fi zato. Lambar da aka tura wa kuɗin ita ce babbar shaida. Ki roƙi matan nan biyu su ba ki hoton saƙonnin da rasidin turawa, ki kai wa ƴan sanda. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, kuma layukan waya da sunan mutum ake yi musu rajista. Ko ba a dawo da kuɗin ba, takardar ƙarar da za ki riƙe za ta wanke ki a idon masu sayen kayanki.

Yanzu ga tambayarki. Manhajar ajiye kalmomin sirri kamar adaka ce mai kwado ɗaya, a cikinta an jera makullan kowane ɗaki. Ita ke ƙirƙiro wa kowane shafi tasa kalmar, doguwa, haruffa da lambobi a cakuɗe, wadda ke kanki ba za ki iya haddacewa ba, kuma ba a so ki haddace. In kin zo shiga, ita ke cikewa. Ke kalma ɗaya kawai za ki riƙe, uwar kalma, wadda ke buɗe adakar. Akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba, ni kuwa shi ya fi burge ni: manhajar tana duba ainihin adireshin shafi kafin ta cike. In shafin bogi ne mai kama da Facebook, ba za ta kawo kalmar ba. Ranar da kika ga ta yi shiru inda ta saba cikewa, ki tsaya.

Mai gyaran wayarki bai faɗi ƙarya ba. Ta Google tana nan cikin kusan kowace Android, kyauta ce, ba sai an sauko da komai ba, kuma in waya ta ɓata kika shiga Gmail ɗinki a wata, kalmominki za su biyo ki. Da wata ce ta rubuto mini, mai waya ita kaɗai, da na ce ta tsaya a nan. Amma ke abu biyu sun tsaya mini a rai. Na farko, adakar Google tana cikin asusun Gmail ɗin da ƙaninki ya buɗe, mai wannan tsohuwar kalmar da ta riga ta fita. Wannan yana gyaruwa. Na biyu shi ne mai wuyar: abin da ke buɗe kalmomin da Google ta ajiye a waya shi ne makullin fuskar wayar, zanen nan ko lambar da kike sawa. Yaranki sun san shi. Mai gyara, in ya karɓi waya, abin da ya fara tambaya ke nan. Ƙawar da ta ari wayar don ta kira gida ta ga yadda yatsanki ya bi. A gidajenmu waya ba ta mutum ɗaya ba ce, daga wannan hannu sai wancan, kuma duk wanda ya san zanen zai iya zama ya karance kalmominki ɗaya bayan ɗaya.

Shi ya sa, a halin da kike, na fi karkata ga shawarar ƙaninki. Bitwarden tana da nata kwado daban da na wayar. Yaro zai iya kallon bidiyonsa har caji ya ƙare, adaka tana kulle. Tun 2016 take, kuma rubutun da aka gina ta da shi a fili yake, masana na ko'ina suna iya bincikarsa su fallasa aibi in sun gani. Tsarinta na kyauta ba ya ƙayyade yawan kalmomi ko yawan wayoyi, saboda haka rashin katin banki ba zai tare ki ba. Tana da Faransanci. Ranar da rezo ya ɗauke kuma, za ki iya buɗe abin da kika riga kika ajiye, ƙara sabo ne kawai zai jira intanet ta dawo.

Za ki ji ana ambaton wasu, bari in rage miki hanya. 1Password ta Kanada mai kyau ce ƙwarai, amma ba ta da tsarin kyauta na dindindin, sai da biya ta kati. Proton Pass ta Suwizalan, wadda ta fito a 2023, tana da na kyauta, kuma in ita wani na kusa da ke ya iya, ba laifi. KeePass kuwa, wadda masu ilimin kwamfuta ke so, ba ta kai komai wurin kowa, fayil ne guda a cikin wayarki. Daɗin ji gare shi, sai ranar da aka fizge wayar a cunkoson babbar kasuwa ko ta faɗa cikin bokitin wanki, ba ki kwafe fayil ɗin a wani wuri ba. Ga mai waya ɗaya ba kwamfuta, ban ba ki ita ba.

Sai maigida. Ina so ki saurare shi da kyau, domin tsoronsa yana da tushe. A 2022 an shiga rumbun wani babban kamfanin irin wannan, LastPass, aka kwashe kwafin adakokin mutane. Abin da ya tsaya tsakanin ɓarayin da kalmomin shi ne, kafin adaka ta bar wayar mai ita an riga an rikitar da kalmomin sirrin da ke ciki, ba sa karantuwa sai da uwar kalma, kamfanin ma ba ya da ita. Waɗanda uwar kalmarsu doguwa ce sun samu lokacin canja komai. Masu gajeriya, irin sunan ɗa da shekara, su ne hankalinsu ya tashi, don ɓarawo yana da kwafi a hannu, zai yi ta gwaji dare da rana ba mai hana shi. Kin ga ke nan maganar maigida gaskiya ce rabi: tara makullai wuri ɗaya haɗari ne in kwadon na banza ne. Inda littafinsa ya gaza shi ne, kalma talatin masu tsawo ba za su rubutu a kwafe kullum ba. Za ki gaji ki koma ga gajeru masu kama da juna, littafin kuma ya dawo kusa da waya, inda kowa ke ganinsa. Littafi kuma ba ya gane shafin bogi.

Amma takarda tana da aikin da babu manhajar da za ta yi shi, kuma a nan maigida ya fi su duka hangen nesa. In kin manta uwar kalma, Bitwarden ba za ta iya dawo miki da ita ba, ko kin yi kuka. Kuma kuɗin mutane da ke hannunki amana ce, ya kamata a ce wani zai iya kai wa gare su in ba kya iyawa. Saboda haka ba littafi za a cika ba, takarda ɗaya ce: uwar kalma, adireshin Gmail da sabuwar kalmarsa, lambobin ko-ta-kwana guda goma da Google ke bayarwa in kin kunna tabbatarwa ta mataki biyu (wato a riƙa neman wata shaida bayan kalmar sirri kafin a shiga), da lambar WhatsApp da zan yi miki bayani. Ki sa a ambulan, ki liƙe, ki sa hannu a kan liƙin, a ajiye inda ake ajiye takardun gida da na haihuwar yara. Ki ce masa, "Maigida, ga amanar nan, in na kwanta ko ta Allah ta kasance a buɗe." Ya samu abin da yake nema, ke kuma kullum kina iya ganin ko an taɓa ambulan. In zamanku bai kai ki saki jiki da haka ba, ke kika san gidanki, ki ba mahaifiyarki ko wata yaya da kika amince da ita, shi kuma ki gaya masa inda take. Lissafin bashi da na kafin alƙalami kuwa, wannan a littafi ya kamata ya zauna, a fili, ba a cikin saƙonnin waya kaɗai ba.

Uwar kalma ita ce wurin da za ki ɓata lokaci. Bitwarden ba ta karɓar ƙasa da harafi 12, ke ki wuce haka nesa. Ki ɗauki kalmomin Hausa biyar ko shida waɗanda babu abin da ya haɗa su, kamar a ce tukunya, hazo, alura, jirgi, gwanda. Waɗannan na rubuta su a nan kowa ya gani, sun mutu, ki nemi naki. Kada su zama karin magana, ko aya, ko baitin waƙa, ko sunayen ƴan gida, don abin da baki ya saba jerawa na'ura ma tana iya jerawa. Ki guji kalmomi masu ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Ba don komai ba, ranar da za ki shiga a wayar aro mai madannin Faransanci kawai, za ki neme su ki rasa. Mako na farko ki riƙa rubuta ta da hannu safe da yamma har ta zauna. Bayan nan kina iya sa ta buɗe da zanen yatsa, amma fa ki duba tukuna, in an taɓa yi wa yatsan wani yaro rajista a wayar, ki goge.

Kada ki ce za ki gama komai a zama ɗaya, ga girki ga yara ga masu sallama. Daren yau Gmail kawai, don shi ne uwar ɗaki: duk wanda ke riƙe da shi zai iya cewa ya manta kalmar Facebook a aiko masa da sabuwa. Ki canja kalmarsa, ki duba lambar waya da imel ɗin da aka sa na dawo da asusu. Ina kyautata zaton na ƙaninki ne a wurin, don haka masu buɗe wa mutane kan yi saboda sauri. Ki mayar da naki. Ki duba jerin wayoyin da ke cikin asusun, ki fitar da duk wadda ba ki sani ba. Kalmar Gmail ita ma ki haddace ta, ta bambanta da uwar kalma, domin Bitwarden takan aiko da lambar tabbatarwa ta imel in an shiga daga sabuwar waya. In kalmar imel ɗin tana cikin adakar kaɗai, kin kulle makulli a cikin ɗaki.

A wannan daren kuma ki taɓa WhatsApp, tun da can cinikinki ya fi yawa. Shi ba ya da kalmar sirri, lamba shida yake aikowa ta saƙon waya, kuma da ita ake sace shi: wani ya kira, ya ce ya yi kuskure ya turo miki lamba, ko za a sa ki a wani rukunin tallafi, ki karanto masa. Ko muryar wa kika ji, kada ki karanta. Ki shiga saitinsa, in da Faransanci wayar take za ki ga Vérification en deux étapes, ki sa taki lambar sirri mai lambobi shida da ba shekarar haihuwar kowa a ciki. Ki kuma tambayi kanki da katin shaidar wa aka yi wa layinki rajista. Mata da yawa miji ko ƙane ne ya sayo musu, sai ranar da layi ya ɓata a je ofis a ce sai mai sunan ya zo. In haka ne, ku je tare da mai sunan, ke da katinki, a mayar da shi sunanki. Washegari Bitwarden da Facebook. Sauran, duk wanda kika zo shiga ki canja masa a lokacin, cikin wata guda za ki ga sun ƙare. Lambar sirrin da kike tura kuɗi da ita kuwa ta zauna a kanki, kuma kada ta zama ɗaya da ta buɗe waya.

Game da ƙaninki, ban so ki yi a ɓoye. Zai gane, ranar da ya zo taimaka miki ya ga kalma ta ƙi, kuma abin da zai ji shi ne Yaya ta ɗauke ni ɓarawo. Wannan ciwon ya fi na jika 65 daɗewa. Ki kira shi, ki ce shawararsa kika ɗauka, ya zo ya koya miki. Ya zauna kusa da ke, wayar tana hannunki, shi yana nuni. In an zo wurin uwar kalma ki ce ya ba ki wuri, ki yi dariya ki ce ai shi ya ce ba a gaya wa kowa. Ɗalibin da ya san Bitwarden ya san haka ake yi, ina sa ran ma shi zai fara kau da kai. Ki gode masa a gaban mahaifiyarku, ki haɗa masa da ɗan turare ko kuɗin kiredi, don shekara biyar yana yi miki aikin da wasu ke biya a yi musu. In kuwa kika ga ya nace sai ya san kalmar, kada ki yi faɗa, ki ce a'a kawai, ki ci gaba da abinki.

Mai gyara kuma ba sai kin canja shi ba. Duk ranar da za ki bar waya a wurinsa, ko wurin wani, ki fita daga Bitwarden gaba ɗaya, ki cire layinki ki tafi da shi. In ƙaramin gyara ne ki tsaya a yi a gabanki.

Matan nan biyu, ki taka ki je gidajensu, kada ki tsaya a saƙo. Ba ke kika ci kuɗinsu ba, amma don sun yarda da ke suka tura. Ko za ki ɗauki wani kaso na asarar, ko ki yi musu ragi a kaya na gaba, ki yi shawara da maigida da malamin da kuke tambaya, gwargwadon ƙarfin jarinki. Sannan ki yi saƙon murya da bakinki ga duk masu sayen kayanki: ga lamba ɗaya tak da ake turo miki kuɗi, kuma duk wadda ta ga saƙon neman kafin alƙalami ta kira ki ta ji muryarki tukuna.

In kin yi mako biyu da Bitwarden kika ga tana ba ki wuya har kina neman komawa ga tsohuwar kalma, kada ki koma. Ki yi amfani da ta Google, ki sauya zanen wayar da lamba shida wadda yara ba su sani ba, ke ki riƙa buɗe musu. Wannan ma ya fi inda kike yau nesa ba kusa ba.

Abu ɗaya ya rage kafin ki liƙe ambulan. Ki ari wayar maigida, ki ajiye taki a ɗaki kamar ta ɓata, ki gwada shiga Gmail da Bitwarden da abin da ke kan takardar kaɗai. In harafi ɗaya ya kuskure, gara ki gano yau, wayarki tana nan kusa. In ya buɗe, ki fita daga duka biyun a wayarsa, ki tabbatar ba ta ajiye kalmomin ba, sannan ki liƙe. Allah ya tsare, ya sa albarka a kasuwa.